Taubashi, Yaushe Kuka Shirya da Hoce?

Taubashi, labarinka ya iso mini tun kafin ka wanke hannu. An ce ka taso takanas daga Zurmi, ka sha babbar rigar da kake ajiya don sallah, ka shiga sabon gidan abincin gargajiyan nan da aka buɗe mana a Ƙaura. Ka zauna ƙarƙashin na'urar sanyi, yaro mai farar riga ya miƙo maka takardar sunayen abinci, ka yi ta dubanta sama da ƙasa kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawa. Da ka gama nazari sai ka gyara murya ka ce a kawo maka hoce.

Hoce fa, ɗan Gwaggo! Kai ne tun da ka yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan garin ka yanke zumunci da dawa. Gwaggo ta kwaɓa gari ta bar shi ya yi tsami, ta gasa, ta daka ƙuli da yaji, ta zuba man gyaɗa, ta aiko maka a kwano da murfi, kai kuwa ka ce cikinka ya daina karɓar abu mai nauyi. Sai taliya, sai shayi da burodi. Ranar da aka yi tuwon dawa da miyar kuka har hanci kake toshewa wai warin daddawa na sa maka ciwon kai. To ashe ba da hocen kake gaba ba, da kwanon ne. An sa shi a farantin tangaran, an yanka shi gida huɗu, an ɗora yankan albasa a gefe, nan take ciwon ya warke.

Wanda ya ba ni labarin ya rantse da cokali mai yatsu ka tunkari abin. Ka danna ya zille, ka sake dannawa ya yi tsalle ya faɗa kan rigar sallah. Haba! Ƙasarku ce fa ta haifi Kassu Zurmi, makaɗin da ke zuga 'yan tauri su karya wuƙa a jikinsu. Alibawanku da namu dangi ɗaya ne da Namoda, wanda da shi aka ci Alƙalawa a 1808. Zuriyar waɗannan mazaje ce yau cokali ya gagara a gaban jama'a. Da ka naɗe hannun riga ka sa yatsu biyar ɗin da Allah ya ba ka, da mutuncin Zurmi ya tsira.

Kuma ka daina gaya wa mutane wai ci gaba ya zo Ƙaura tun da an fara sayar da tuwo. Tun 1929 da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya zo ya tuƙe a garin nan, ana lodin gyaɗa da auduga, mata suka fara kafa tukwane a bakin tasha suna ciyar da leburori da fatake. Ka je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ka ga masu tuwo da masu fura da masu balangu, baƙo daga Nijar ko daga kudu ya ci ya ƙoshi a kan benci, ba wanda ya miƙa masa takarda. Tayil ne sabo, da fitilu masu launi, da kuɗin da aka caje ka, wanda aka ce ya isa ka auno dawar da gidanku zai kwana biyu yana ci.

Ban ga laifin mai gidan abincin ba, Allah ya sa albarka a kasuwarsa. An shaida mini miyar surensa ta yi, kuma da daddawar kalwa ta gaske yake miya, ba dunƙulen kanti kaɗai ba. Wanda ya san wahalar kalwa ba ya raina kuɗinta: a kwana ana dafawa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta nuna, sannan a kirɓa a shanya. Hatsin ma ba kamar da ba, tun da gonakin nesa da gari suka gagari masu su. Kowa ya tuna 2021 da aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layin waya, tiyar dawa ta zama abin lallaɓawa. Mutumin da ya zuba jarinsa a garin nan a irin wannan lokaci, ya ɗauki 'ya'yanmu aiki, ya cancanci a shiga a ci a biya shi.

Kai ne dai matsalar. An ce kafin ka kai loma sai da ka ɗauki hoton farantin ta gabas da ta yamma, ka sa a Facebook, ka rubuta cewa mu riƙe al'adunmu. Miya ta huce kana amsa masu yabo. Sannan ka bar rabi a faranti, wai wayayye ba ya suɗe kwano, ka fito da gudu don ka sami motar Zurmi kafin la'asar ta yi sanyi. Kana isa gida, ko rigar ba ka tuɓe ba, aka ji ka a bakin madafa kana tambaya ko akwai sauran ɗumame.

To ka saurara. Kuɗin sharata na watan cika-ciki har yau ban gan su ba, kullum sai ka ce gari ya yi zafi, ashe akwai na tangaran. Mako mai zuwa zan zo Zurmi gaida Gwaggo, kuma da hoton nan zan zo a wayata. Zan nuna mata, in gaya mata nawa ka biya, in ba ta shawara ta sayi faranti fari guda ta ajiye dominka. Daga ranar duk hocen da ya fito daga madafarta da kuɗinsa, kuma ni ne mai karɓa.