Zuwa Ga Bazazzagi: Saki Yaran Nan Su Taka Ƙasa

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kuma dogon Turanci? Allah ya sa kana nan kana biyayya kamar yadda ka gada.

Labari ya iso mana birnin Dabo cewa ka ƙara wa katangar gidanka tsawo, ka ɗora mata waya mai ƙaya, ka bi tsakar gida ka shafe da siminti kaf, ko tafin hannu na ƙasa ba ka bari ba. An ce yaran suna ciki, kowa da waya a hannu, wuya a lanƙwashe tun safe har magariba. An ce ranar da autanka ya yi ido biyu da ƙadangare a bakin ƙofa, sai da aka yi masa tofi kafin ya yi barci. Na kuma ji ka shigo Kano ka cika bayan mota da kayan wasan roba, masu batir da masu kuka. To, mun gode da ciniki. Bakano bai taɓa ƙin kuɗin Bazazzagi ba. Sai dai haƙƙin ubangida ne ya faɗa wa yaronsa gaskiya, ko da zai rasa riba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne inda kake zaune. A Samaru, nan bayan gidanka, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da kuke ta cika mana baki da ita tun 1962. Can ake fitar da sababbin irin dawa da masara da manoman Arewa ke shukawa. Da an yi kaka, karan dawa ya cika gonakin ƙasar Zazzau, har ana rasa inda za a kai shi. Amma ɗan Bazazzagi bai san ana yin mota da kara ba, sai ubansa ya ƙona mai ya zo Kano ya saya masa ta roba. Wannan wane irin ilimi ne?

Tunda boko ya goge maka ƙwaƙwalwa, bari in tuna maka. Yaro zai zaɓi kara busasshe mai kauri, ya ɓare bayansa siri-siri, ya fitar da totuwar. Totuwa ita ce katako, ɓawon kuma shi ne ƙusa. Ya yanka totuwa daidai-daidai, ya riƙa soka ɓawo yana haɗawa, har jikin mota ya tashi da ƙofa da kujeru da wurin kaya. Taya kuwa sai ya nemo sakaina ko tsohon silifa ya fafe. Idan tayar dama ta fi ta hagu girma, motar za ta riƙa karkata, ba kuma wanda zai gaya masa dalili, shi zai zauna ya gano da kansa. Ɓawon kara yana da kaifi, zai yanke shi a yatsa, gobe ya san yadda ake riƙe shi. Kafin la'asar yaro ya yi awo, ya yi lissafi, ya yi haƙuri, ya kuma yi alfahari da abin da hannunsa ya ƙera. Motarka ta roba fa? Kwana biyu batir ya mutu, yaro ya ɓalle tayar, ya zo yana kuka a sayo wata. Mu kuma muna Kano muna jiran ka.

Da damina ta sauka sai a koma laka. Yaro ya ɗebo yumɓu ya cuɗa, ya gina sa da tozonsa, ya kafa masa ƙaho da ƙaya, ya shanya a inuwa don ya lura wanda ya bari a tsakiyar rana ya tsage. 'Yan mata su gina tukunya da murhu da kasko, su yi tuwon ƙasa da miyar ganye, su yi wa 'yartsana kitso da aure da suna. Duk wanda ya zauna kusa ya kasa kunne zai ji yadda suke rabon aiki, da yadda suke sasanta rigima idan an taka wa wata tukunya. Ku da kuke da sashen koyar da zane da sassaƙa a jami'a, da manyan malamai masu gemu suna koya wa ƙatti murza laka, kun hana yaro taɓa ta wai kada ya ɓata riga. Omo ya ƙare a Zariya ne?

Sai wasannin dandali. Ka tuna langa? Ƙafa ɗaya a hannu, ɗaya a ƙasa, ana ture juna, 'yan wasa suna kare ruwansu har ya je ya sha. Wanda ya saki ƙafa ya fita, ba alƙali, ba usur, yara ne ke tsare dokarsu da kansu. Na san ba ka son a ta da maganar, don ban taɓa jin Bazazzagen da ya daɗe a tsaye a langa ba in da Bakano a fili. 'Yan mata kuma ga carafke: a jefa tsakuwa sama, a kwashi na ƙasa, a cafe ta kafin ta faɗi, ido da hannu suna aiki tare. Ga 'yar gala-gala, a zana ɗakuna a ƙasa, a jefa guntun kasko, a bi da tsalle ba tare da an taka layi ba. Ga ɓuya, ga dokin kara, ga gaɗa idan farin wata ya fito, ga dara da yaro ke koya a gefen manya, ramuka a ƙasa da 'yan tsinke da duwatsu. A cikin waɗannan duka, faɗa mini wanda ake biyan ko sisi. A nan ne yaro ke sanin a ci shi ya haɗiye, ya ci wani ya yi dariya ba tare da an yi dambe ba. Wayar da ka ba shi, idan aka cinye shi sai ya danna ya sake sabo, shi ya sa ko ƙaninsa ya taɓa masa abu sai gidan ya kama da wuta.

Ka jarraba wani abu yau da daddare. Tara su ka tambaye su bambancin magarya da kurna. Tambaye su wace bishiya ke haifar kanya, ina ake samun goriba, me ya sa bakin yaro ke yin rawaya idan ɗorawa ta nuna, yaya ɗanɗanon aduwa da ɗinya. Tambaye su wane tsuntsu ne idan ya dawo manoma ke fara gyaran gona. Idan aka samu wanda ya ce shamuwa, ni zan biya kuɗin makarantarsa na zango guda. Na tabbata sun san jakin dawa da raƙumin dawa na cikin talabijin, amma balbelar da ke bin shanu a bakin Kubanni ba su san sunanta ba. Ga duwatsun Kufena a tsaye a bayan gari, ga ragowar ganuwar da kuke jingina wa Sarauniya Amina. Macen da ta yi ta keta dazuzzuka a kan doki, yau jikokinta na gudun kiyashi.

Na san halinku, Zage-zagi ba ku yarda da magana sai an ce Bature ya rubuta. To, buɗe kunne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce jariri da ɗan shekara 1 kada a zaunar da su gaban allon waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Ta kuma ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 a yini yana motsa jiki. Awa uku ke nan, in lissafin ya yi maka nauyi. Kakarka ba ta san wata hukuma ba, amma da hantsi ya yi take kora ku waje, ba ku dawowa sai ciki ya kira ku.

Za ka ce zamani ya canja, kuma a nan kaɗai zan ba ka gaskiya, ita ma aro. Dandali ya zama shaguna, babura sun cika lungu, kuma ba mai hankalin da zai tura ƙaramin yaro daji shi kaɗai a wannan lokaci. Kududdufi ma ba wurin wasa ba ne: yana cin yara, ruwansa kuma na kawo tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini. Ƙarƙashin dutse akwai kunama. Amma maganin wannan a sa ido ne, Malam. Fasa simintin nan ta kusurwa ɗaya, ka sa a juye yashi da 'yar laka. Sa a kawo maka damin kara daga ƙauye. Ba kowane yaro gwangwani ya shuka wake ko gyaɗa, ya riƙa ba shi ruwa yana duba tsiro kowace safiya. Ku haɗa kai da maƙwabta, bayan la'asar a fito da yara ƙofar gida, babba ɗaya ya zauna a tabarma yana kallo. Ranar da ba aiki ka ajiye jaridar nan da kake riƙewa don a ce kana karatu, ka kai su gona, su ga yadda rake ke tsiro tun kafin ya zama mazarƙwaila.

Saura hukunci. Watan Muharram na tafe, ka kuma san al'ada, bawa ke kawo wa ubangidansa kuɗin shara. Bana na yafe maka kuɗi, don na san albashin malami. Abin da nake so shi ne motar kara guda, wadda ɗanka ya ƙera da hannunsa, mai taya huɗu da ke juyawa. Kada ka kuskura ka ba almajiri ya yi maka, don zan duba yatsun yaron in ga shaidar ɓawon kara. In kuwa ka gaza, sai ka tattaro su duka ka kawo su Kano hutu. Za mu hau da su Dala, mu koya musu langa, mu dawo maka da su da ƙura har gira. Kuɗin koyarwa kuma, ka san Bakano, ba ragi.

Ubangidanka, daga gindin Dala.