Inuwa ko Intanet

A Amurka akwai masu sayar da gida su sayi mota mai ɗaki da kicin da banɗaki, wai sun gaji da hayaniyar birni, daji za su shiga su huta. Da isarsu dajin, tambayar farko ita ce: "Akwai sabis?"

Sansanonin ajiye irin waɗannan motoci sukan yi tallar Wi-Fi kyauta. Ba ƙarya suka yi ba, akwai shi, da ƙarfe ukun dare. Da magariba kuwa, kowa ya kunna Netflix, ko saƙon gaisuwa sai ya yi ta juyi. Shi ya sa gogaggu ke riƙe layin Verizon da AT&T da T-Mobile, ko Allah zai sa ɗaya ya kama. A yawancin Yellowstone duka ukun shiru suke, sai ɓauna tana kallonka.

A 2022 SpaceX ta fito da Starlink na matafiya: faranti ne mai magana da taurarin ɗan'adam da ke kimanin kilomita 550 a sama. Amma fa sai sarari fetal. Reshe ya gitta, kiran bidiyo ya tsinke. Sai ga bawan Allah ya yi doguwar tafiya zuwa dazukan Oregon saboda bishiyoyi, ya iso yana hararar bishiyoyin. Ya bar inuwa ya faka a tsakar rana. Zafi ya sa a kunna na'urar sanyaya ɗaki, batir ya gaza, a tada janareta.

Maƙwabcin da ya zo sauraren tsuntsaye ya taso a fusace, ya buga ƙofa, aka buɗe. Sai ya sassauta murya: "Maigida, a taimaka mini da lambar sirrin."