Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Git

Zuwa ga Mai Girma Git, Ma'ajin Rumbu, Sarkin Rassa, wanda ba ya mantuwa kuma ba ya yafiya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, ina fata kana lafiya kai da rassanka duka, har da waɗanda aka buɗe aka manta da su. Dalilin wannan takarda shi ne abin da ka yi mini daren jiya.

An ɗauke wuta tun magariba. Batirin kwamfuta ya yi ja, wayar da nake jawo intanet da ita na jingine ta a taga, don nan kaɗai sabis ke leƙowa. Na gama gyaran da oga ke jira, na yi commit, na rubuta masa bayani tsaf yadda ka koya mana, na yi bisimilla na buga git push. Ko ɗaga kayan ba ka yi ba. Sai ga jan rubutu cewa an ƙi karɓa, a ƙarƙashinsa nasiha layi-layi da ruwan ɗorawa: wai rumbun nesa yana ɗauke da aikin da babu shi a wurina, in je in fara jawowa.

Allah ya ba ka nasara, na san hujjarka. Ba ka yarda tarihi ya rabu biyu a rumbu, sai wanda ya ɗora a kan na ƙarshe kake bari ya wuce. Amma ka dubi abin da idon rahama. Mutum ya kawo buhu ɗaya sito, mai gadi ya ce sai ya kwashi kayan da wasu suka ajiye ya kai gidansa, ya gauraya da nasa, ya sake ɗaukowa a ka, sannan a buɗe masa ƙofa. A wace kasuwa ake haka?

Na bi umarni, na buga git pull. Ana wata ga wata. Ka ce ba za ka ja ba sai na zaɓi yadda za a sasanta: a haɗe tarihin biyu, ko a tsige nawa a dasa a kan nasu, ko a ƙi komai sai hanya ta miƙe. Tun 2020 ka tsiro da wannan tambayar, har yau ba ka taɓa yi wa kowa ita da rana tsaka yana cikin natsuwa ba. Na zaɓi haɗewa. Ashe wani abokin aikinmu, Allah ya shirye shi, ya bi fayil ɗin gaba ɗaya ya gyara tazarar farkon layuka, ko harafi ɗaya mai amfani bai taɓa ba. Kai kuwa ka ce rikici ne! Ka zuba mini kibau bakwai sama, alamar daidai bakwai a tsakiya, wasu kibau bakwai ƙasa, ka koma gefe ka naɗe hannu. Kai da kake sanya wa kowane commit lamba mai harufa 40, kake gane an canja waƙafi ɗaya shekara goma da ta wuce, yanzu ne ba ka iya bambance gyara da sharar fili sai an roƙe ka da wani dogon umarni?

Da na gama tsince layukan da hasken da ya rage, ka jefa ni cikin Vim in rubuta dalilin haɗewa. Dalilin ai kai ne. Kafin in lalubo ƙofar fita, mutumin nan ya sake turawa. Na yi push, ka sake ƙi.

To bari in ajiye ranka ya daɗe. Kullum alfaharinka shi ne kana aiki ba intanet: commit a gida, reshe a gida, tarihi a gida. Abu ɗaya da oga yake gani, wanda a kansa ake biyan albashi, shi ne ka rataye a wuyan sabis da na'urar wani can ƙetaren teku. Kuma na san asalinka. A watan Afrilun 2005 Linus Torvalds ya ƙera ka cikin 'yan kwanaki, bayan an janye wa masu aikin Linux damar amfani da BitKeeper kyauta, a watan Yuli ya miƙa ka ga Junio Hamano. A gidan da aka haife ka, gyara ta imel ake aikawa, Torvalds ya duba ya jawo wanda ya ga dama. Babu mai tsayawa a bakin rumbunsa yana rige-rigen turawa. Mu ka bar wa rige-rigen.

Sauran laifuffukanka a gurguje: sabon reshe sai ka ce ba ka san inda zai sauka ba, bayan kai ne ka rubuto mini umarnin in kwafa. Mabuɗin shiga ba ya mutuwa sai ranar miƙa aiki. Zancen kai da ya rabu da jiki kuwa, na bar ka da Allah.

Mafi muni, ka ajiye --force kusa da hannun mai jin barci. Kalma ɗaya, in share aikin mutumin nan daga reshen, in kwanta. Umarnin da ya fi --force hankali, mai dubawa ko wani ya taɓa rumbun kafin ya rushe, ka ba shi suna --force-with-lease, yadda sai mai cikakken caji zai iya rubuta shi. Shaiɗan ya raɗa mini, na kai yatsa, kwamfuta ta mutu. Rashin wuta ne ya ceci zumuncin ofishinmu, kai ba ka da lada ko ɗaya a ciki.

Buƙatata kaɗan ce. In rikicin na tazara ne, ka sasanta da kanka ba sai an ce maka ba. In za ka ƙi ni, ka faɗi sunan wanda ya riga ni a layin farko, in san wanda zan kira. Idan ba haka ba, wallahi zan naɗe aikin nan a zip in tura wa oga ta WhatsApp, kuma shi ba zai ga bambanci ba.

Naka a dole,
Wani mai commit a hannu