Ƙarfin Doki 500, Tafiyar Hawainiya

Injiniyoyin Jamus da Japan da Ingila sun sha wahalar banza. Sun hana idonsu barci har suka ƙera mota mai nauyin sama da tan 2, wadda za ta kwashi maigida da iyalinsa, ta hau dutse, ta ratsa rairayi, in kuma aka sakar mata linzami ta tasam ma kilomita 250 a awa guda. Tun da Porsche ta fito da Cayenne a 2002 kamfanoni ke ta rige-rigen cusa injin tsere a cikin motar kai yara makaranta. Sai ga abar nan ta iso Kaduna, aka ba ta aikin da ya dace da darajarta: daga Malali zuwa masallacin Sultan Bello, daga nan zuwa ɗaurin aure a Unguwar Dosa, tana biye da Keke Napep ɗin da direbansa ke leƙen fasinja. A nan kowace irin ce sunanta jif, ko da kamfanin Jeep bai san da zamanta ba. Masu ita ne dai ba iri ɗaya ba.

A fara da dattijo, don shi ne babba. Tsohon babban sakatare ne ko tsohon darakta, gidansa na can wajajen Sultan Road ko Rabah Road, inda itatuwan suka girmi yawancin masu wucewa. Ba shi ya sayi motar ba, 'ya'ya ne suka haɗa kuɗi suka kawo masa Lexus LX 570, ya karɓa yana faɗa. Har yau ledar kujerun baya na nan, wanda kuma ya ɓare ta zai ji tarihin tarbiyyarsa tun daga kakansa. Injin motar lita 5.7 ne mai silinda 8, amma allurar gudu ba ta taɓa ganin 60 ba. In ya hau Independence Way sai layi ya taru a bayansa, masu hon su yi su gaji, shi kuwa yana jan carbi yana sauraren labaran Rediyon Tarayya. Ka yaba masa motar, ya yatsina fuska. Mota a wurinsa ita ce Fijo 504 da a da ake haɗawa a Kakuri, can tsallaken kogi, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Ita ce ta kai shi Maiduguri ta dawo da shi babu ko tari, kuma kowane bakanike a bakin hanya ya san cikinta. "Wannan kuwa," in ji shi, "talabijin ce aka sa wa taya."

Abin da dattijon bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne motar na da rayuwa ta biyu. Da ya shiga ɗaki bayan isha'i, autansa zai lallaɓa ya zare makulli daga aljihun jallabiya. Wannan yaro shi kaɗai ne a gidan ya san amfanin maɓallin da ke sa injin ya yi gurnani. Shi da abokansa suna jiran titin Isa Kaita ya yi shiru, ko kuwa su nufi gadar Kawo, wadda tun da aka buɗe sabuwarta a Janairun 2022 suka ɗauka don su aka gina. Ranar kai amarya kuwa idinsu ce: wasan mota, ƙarar taya, hayaƙi, 'yan mata na ihu suna ɗauka a waya. Kafin asuba ya mayar da ita daidai inda ya same ta, ya gyara kujera da madubi. Abu biyu ne ke tona masa asiri, man da ya ragu da kuma waƙar da ta tashi da ƙarfi lokacin da Baba ya tayar da mota zai tafi masallaci. Maigadi ya ga komai, amma an riga an sallame shi.

Hajiya kuma ita ce ta gane ma'anar motar iyali fiye da wanda ya ƙera ta. Bature ya ƙirga kujeru 7 ya ce iyali ke nan. Bai san Hajiya na da ƙanne da 'ya'yan riƙo da ƙawar da ta ce a rage mata hanya zuwa Badarawa ba. Ranar biki za ka ga mutum 12 sun fito daga ciki ɗaya bayan ɗaya, ɗaurin ɗankwalin kowa bai karkace ba, sannan a buɗe but a fara sauke kulolin waina da na farfesu da katon ɗin lemo. Motar ta je Kasuwar Barci sau ba adadi, ta ɗauko buhun shinkafa, ta ɗauko ragon suna. Ƙamshin fatar kujerun da kamfani ke alfahari da shi ya daɗe da miƙa wuya ga humra da turaren wuta. Hajiya ba ta tuƙi, amma daga kujerar baya take sarrafa komai. "Malam, a hankali mana, ba ka ga rami ba?" Minti biyu bayan haka: "Haba Malam, so kake sai an watse mu isa?" Ni dai a cikin masu jif duka ita nake ganin ba ta yi asarar kuɗinta ba.

Sai Honorabul. Tasa baƙa ce, gilashinta baƙi, lambarta a rufe da jakar fata, don kada a gane shi, alhali duk unguwar an san motar wane ne. Ba ya tafiya shi kaɗai. Dole a samu Hilux a baya, ko da babu kowa a ciki sai ɗan ƙanwarsa mai riƙe masa waya. Amfanin gilashin mai duhu ba kariya daga rana ba ne. Daga majalisa a Lugard Hall zuwa gida akwai mutanen mazaɓa, masu takardar asibiti da masu katin gayyata da waɗanda suka rantse su suka tsare masa akwati ranar zaɓe. Daga ciki yana ganinsu, daga waje suna ganin fuskarsu. In abin ya matsa sai gilashi ya sauka da faɗin yatsu huɗu, hannu ya fito da 'yan sababbin takardu, a yi ta "Sai ka yi! Allah ya maimaita!" har motar ta sha kwana. In Allah bai maimaita ba, jakar fatar ce ke fara barin lamba, sannan Hilux ta ɓace. Wata shida sai ka tarar da jif ɗin a wurin dillalai a bakin titi, an rubuta lambar waya a jikin gilashi, shi kuma ya koma amsa sallama da kansa.

Wanda ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni dariya, shi ne mai ƙarfin hali. Ya samu wata 'yar kwangila, ko ya sayar da filin gado a Rigasa, ya sayi tsohuwar Range Rover da ta gama aikinta a Amurka, ta huta a Legas, ta ratsa hannu uku. Dillali ya rantse masa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita. Watan farko ya zaga dangi kaf, har da waɗanda rabonsa da su tun rasuwar kaka. Daga nan fitilu suka fara kamawa a gaban sitiyari, ja da ruwan ɗorawa, ya sa baƙin salatif ya rufe wadda ta fi damunsa. Motar irin mai tsayawa a kan jakunkunan iska ce maimakon sifirin, don haka wata safiya ya fito ya tarar ta durƙusa kamar raƙumin da ya ƙi kaya. Tun daga ranar ya zama ɗan gida a Panteka. Ya san kanikawa da sunayensu, ya san mai shayin wurin, yana da bencinsa. Kullum ana jiran wani ƙarfe daga Legas ko Dubai, kullum "gobe in sha Allahu, Yallaɓai."

Sannan 29 ga Mayun 2023 ta zo, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Akwai Land Cruiser mai tanki biyu da ke shanye lita 138. A wancan farashin, cika ta sau ɗaya ya kusa albashin wata biyu na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai ƙarfin hali bai sayar ba, don mutane za su yi magana. Dabaru ya ƙirƙiro. A gidan mai yakan sauke gilashi kaɗan ya raɗa wa yaron "na dubu biyar," da muryar da na bayansa ba zai ji ba, allurar kuwa ko motsi ba ta yi. Yana kashe na'urar sanyi amma ya bar gilashi a rufe, don kada a gane, ya iso wurin taro a watan Afrilu shaddarsa ta manne masa a baya, yana cewa zazzaɓi ne ke damunsa kwana biyu. A gangare yakan sa ta a firi. Yanzu Juma'a kawai take fita, da ranar da zai je gaishe da surukai.

Akwai kishiyarsa, mai kuɗin gaske da ke tsoron motarsa. G-Wagen ce, wadda Marsandi ta fara ƙerawa a 1979 don sojoji da masu aikin daji, yanzu ta zama ta masu tsoron daji. Tana cikin gareji a Unguwar Rimi an lulluɓe ta da tamfol. A shekarun da sunayen Rijana da Katari suka zama abin faɗuwar gaba a hanyar Abuja, ya koyi darasi: jif a wannan titi talla ce. Sai ya koma jirgin ƙasa daga Rigasa, har harin 28 ga Maris 2022 ya nuna masa can ma sai addu'a. Wannan kam ba abin dariya ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin dariyar shi ne shigar da yake yi in tafiya ta kama: tsohuwar Golf, kodaddiyar riga, silifas, ƙaramar waya mai tocila, amma ya manta agogon hannunsa zai sayi Golf ɗin sau biyar. Jif ɗin kuma ana tayar da ita duk Asabar ta yi minti goma tana aiki a tsaye don kada batir ya mutu.

Kada a manta da masanin da ba shi da ko keke. Yana majalisar mai shayi a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, da jin ƙarar salansa zai gaya maka ko LX 570 ce ko LX 600 da ta gaje ta a 2021, ya kuma yi maka bayanin yadda aka rage silinda daga 8 zuwa 6 aka ƙara turbo biyu, da dalilin da ya sa shi bai goyi bayan hakan ba. Ya san kuɗin kwastam, ya san wanda ya saya da wanda aka ba kyauta da wanda banki ke nema. Hotonsa na Facebook a jingine yake da motar wani. In ka tambaye shi wacce zai saya, zai yi shiru ya yi nazari sosai, ya ce har yanzu bai yanke shawara ba.

Ban da masanin, duk waɗannan masu takarda ne. Mai motar na haƙiƙa shi ne direba. Shi ke wanke ta da sassafe, shi ya san kukanta na lafiya da na ciwo, shi ya san ramin da ke bayan kowace kwana daga Kawo zuwa Kabala. Alhaji na zama a ciki minti 40 a rana. Direba na wuni. Yayin da ake can ana taro a Hamdala ko ana kallon folo a Murtala Square, shi yana kwance a kujerar da ke tausa baya, sanyi na kaɗa shi, yana sauraren wa'azi ko wasan ƙwallo. A wurin ajiye motoci direbobi ma suna da manya da ƙanana: na Land Cruiser ba ya fara gaishe da na Corolla, kuma in yana magana "motata" yake cewa, babu wanda ya taɓa gyara masa. 'Yan KASTLEA masu kula da zirga-zirga shi suka sani, masu faci shi suka sani, yaran gidan mai shi suke kira Oga. In an aike shi Mando, ta Hayin Banki hanyar take bi, domin akwai gidan da ake so a ga ya tsaya a ƙofarsa ya danna hon sau biyu.

An ce wani direba ya je neman aure da motar maigidansa har sau uku, aka ba shi, aka sa rana. Ranar ɗaurin aure maigidan ya zo a matsayin babban baƙo, ya fito daga kujerar baya, sai wata gwaggon amarya ta leƙo ta taga ta ce wa ta kusa da ita, "Kin ga halin yaron nan ko? Har tsofaffin unguwa yake rage wa hanya."