Kaboyi a Teburin Mai Shayi

A fim ɗin kaboyi na barkwanci mai suna Maverick, na 1994, Mel Gibson ɗan caca ne, Jodie Foster gwanar yankan aljihu, kowa na damfarar kowa har fim ya ƙare. Masu sharhi a Amurka suka yaba, suna ta dogon Turanci.

Da a teburin mai shayi na Mbamba za a haska shi, sharhin ba zai kai minti biyu ba. Wani zai kurɓi shayi ya ce: “Ɗan cacan nan yaro ne! Ya shigo kasuwar Jimeta ya gwada, a ga mai komawa gida ba takalmi.” Wani ya tambaya ko ya kai marigayi Ibro iya rantsuwa.

Hukuncin majalisa: dawakan sun ƙoshi, damfarar kuwa da saura.