Yadda ake cin gardamar Golf 2 da Golf 3

Kafin ka tsoma baki a gardamar nan a teburin mai shayi, ka fara tantance wace Golf ake nufi. Doguwar nan ta tasha, wadda ake cusa wa fasinja huɗu a baya, biyu a gaba, buhuna sun hana but rufuwa, ka gaishe ta da girmamawa ka wuce. Zancenmu a kan GTI ne, gajeriyar da kamfanin Volkswagen na Jamus ya ƙera wa mai son tuƙi. Kada kuma haruffa ukun da aka manna a bayan mota su ruɗe ka, sitika ba ta ƙara wa inji ƙarfi.

In Golf 3 kake goyon baya, ɗaga murya ka fara da lissafi: ta fito a 1991, injin GTI ɗinta lita 2.0, ƙarfin doki 115, alhali GTI ta Golf 2 ta 1984 a kan 112 ta tsaya. Kana faɗa ka shanye shayinka ka sa takalmi, domin in ka ƙara minti ɗaya wani zai tambayi nauyinta. Dawakai uku aka ƙara mata, sannan aka ɗora musu kaya wajen buhun masara guda. In an tare maka hanya, kira sunan Golf 3 VR6 mai silinda shida da doki 174, ka yi kunnen uwar shegu da mai cewa a Turai ba GTI ake kiran wannan ba.

Mai kare Golf 2 kuwa, kuma nan zuciyata take, surutu ba nasa ba ne. Ja abokin gardamarka zuwa gaban motar. Bar shi ya kalli fitilun nan huɗu masu zagaye da jan zaren da ya kewaye hancinta, ya shiga ya damƙi kan giyar da aka yi da siffar ƙwallon golf. Miƙa masa makulli, ku nemi hanya mai kwana. Yana taɓa totur za ta amsa nan take, sitiyarin kuma yana sanar da tafin hannu duk abin da tayoyin gaba suka taka. Idan mai bawul 16 ce ta 1986, mai doki 139, ka ɗaura bel kawai ka yi bisimilla. Zai yi ƙorafin taurin sitiyari wajen fakin, ka ce masa motsa jiki ne kyauta.

To, in gardama ta kai ga ciniki, tafi da bakanikenka da tocila. Gishirin da ake watsa wa titunan Turai, inda motocin suka fito, lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe, kuma Golf 3 ta fi shan wahalar tsatsa, musamman ƙarƙashin ƙofofi da saman tayoyi. Sai ka kwanta a ƙasa za ka gani da idonka, don haka ranar kada ka sa farar shadda.