Kafin ka biya, tambayi ƙarfe nawa teku ke dawowa

Hoton otal-otal na tsibiri duk iri ɗaya ne: farin yashi, shuɗin ruwa, da bishiyar kwakwa ta sunkuyo tana gaishe ka. Mai ɗaukar hoton sai da ya jira ruwa ya cika kafin ya danna. Saboda haka, kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi mai otal ko tekunsa yana wuni a gida.

A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye sau biyu a rana, ya yi nisa har sai ka kāre ido da hannu kafin ka hango shi. Sai Alhaji ya ratayo tawul da safe, ya fito da niyyar iyo, ya tarar da matan ƙauyen sun duƙufa a gonakinsu na ciyawar teku daidai inda ya yi wanka jiya. In ya ce zai bi ruwan a ƙafa, ga wata halitta mai ƙaya kamar bushiya kwance cikin duwatsu tana jiran tafin baƙo. Kuma lokacin janyewar yana gusawa da kusan minti 50 kullum, don haka jadawalin jiya ba ya aiki yau. Wanda ke son ya faɗa ruwa duk sa'ar da ya ga dama, ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar ke da gangara, ruwan bai cika gudu ba. Daga can kwale-kwale zai kai shi tsibirin Mnemba ya yi nutsonsa.

Ga abin da masu talla ba sa son faɗi: murjanin da ke sa nutso daɗi shi ne ke ɓata wa mai iyo rai. Tsibirin Bonaire da ke tekun Karibiyan ya yi suna wajen nutso daga bakin gaɓa. Ka ɗora tukwanen iska a bayan a-kori-kura, ka tsaya inda ka ga dutse mai rawayan fenti, ka shiga ruwa. Amma yawancin gaɓar ɓaraguzan murjani ne. Kai za ka fito kana ba da labarin kunkuru, Hajiya kuwa tana zaune kan kujera da takalmin roba, tana lissafin kuɗin jirgi. Sipadan ta Malesiya ma haka: tun 2004 aka kwashe masaukan da ke kanta, sai dai ka kwana a wani wuri kusa, kamar Mabul ko Kapalai. Kapalai ɗin nan ɗakuna ne a kan turaku a tsakiyar ruwa, ɗan yashin da ke wurin sai teku ya janye yake leƙowa. Yaron da ya taho da bokiti da ƙaramin shebur zai riƙe ka a zuciya har ya girma.

Maldibs ce ta fi haɗa iyo da nutso, in aljihu ya yarda: tafki mai sanyin hali a gefe ɗaya, murjanin gida a ɗaya gefen. Tambayi taku nawa ne daga ƙofar ɗaki zuwa murjanin. In aka fara amsa da "akwai jirginmu", to da nisa. Ka kuma lura cewa jiragen saman da ke sauka kan ruwa da rana kawai suke tashi. Wanda ya isa Male, babban birnin ƙasar, da daddare, in irin wannan jirgi ne zai kai shi otal, a nan zai kwana. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba Maafushi, tsibirin da mutane ke zaune, ga masallaci, ga abincin da ba sai an tambayi wa ya yanka ba.

Kada rangwame ya ruɗe ka. In ka ga otal a Zanzibar ya karya farashi tsakanin Maris da Mayu, damina ce, masu garin na kiranta masika.

Shagon nutso kuwa, nan raha ta ƙare. Wanda ya ba ka tukunya bai nemi ganin takardar shaidarka ba, ka mayar masa da kayansa. Takardar farko ta PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, iyakarta mita 18, ko da abokin tafiya ya rantse cewa a mita 30 kifayen suka fi kyau. Tambayi inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wanda ake sa mai nutson da ya taso da gaggawa, domin iskar da ta narke a jini tana yin kumfa idan aka hanzarta fitowa. Don wannan dalilin ne ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutson kwanaki a jere. Ranar ƙarshe ke nan ta fita daga hannunka. Miƙa wa Hajiya ita tun kafin ta nema, in a Zanzibar kuke, ku zaga lungunan Stone Town, ku sayi kanumfari na tsaraba, kai ne mai ɗaukar jaka.